Godiya Bayan Zaman Koyon Harhaɗa Manhaja Daga Tushenta

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Alhamdu lillahi, zaman koyon harhaɗa manhaja daga tushenta a kan Linux ya kammala lafiya. A madadin waɗanda suka shirya, muna godiya ga bawan Allahn da ya ba mu ɗaki da wutar sola kyauta, da ɗan'uwan da ya sauko da fayil ɗin nano-8.0.tar.xz (tushen nano, manhajar gyara rubutu da muka harhaɗa) da datarsa, ya bi kowa da filash yana zuba masa. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

Babbar godiya ta malamanmu ce. Duk wanda aikinsa ya tsaya, ba su karɓi kwamfutarsa sun gyara masa ba. Sai su ja kujera su zauna kusa da shi, su sa shi ya karanta layukan ƙarshe da taminal (tagar da ake buga umarni) ta rubuto, har ya gano da kansa abin da ake nema. Wannan haƙuri ba kowa ke da shi ba. Don kada wahalarsu ta tafi a banza, ga wuraren da aka fi cijewa, saboda mai son maimaitawa a gida.

An zaɓi nano ne don ƙarama ce, kuma Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, tana zuwa da nano 7.2, alhali 8.0 ta fito tun watan Mayun 2024. Ana buɗe fayil ɗin da tar xf nano-8.0.tar.xz, a shiga foldar da cd nano-8.0, a karanta README kafin a taɓa komai. Daga nan sai ./configure, sai make, sai sudo make install. Umarnin ƙarshe kaɗai ke buƙatar sudo, wato gudanar da umarni da ikon root, babban mai iko a kan kwamfutar. Wanda ya sa wa make sudo, fayilolin da suka fito za su zama mallakar root, gobe suna iya ba shi matsala.

A wajen configure aka fi shan fama, domin ita ce ke duba ko akwai kayan aiki a kwamfutar. Idan ta ce "no acceptable C compiler found in $PATH", to babu gcc, manhajar da ke yin harhaɗawar, ke nan, maganinsa sudo apt install build-essential, wanda ke kawo gcc da g++ da make gaba ɗaya. Da an wuce nan sai ta sake tsayawa tana neman curses, laburaren da nano ke zana shafinta a taminal da shi. Ɗalibai da yawa sun yi mamaki, tunda nano ɗin da ke kwamfutarsu tana aiki lafiya ƙalau. Dalili shi ne, laburaren da manhaja ke gudana da shi daban, fayilolin .h da ake harhaɗawa da su daban. Waɗannan suna cikin kunshin da sunansa ke ƙarewa da -dev, a nan libncurses-dev. Wanda ya riƙe wannan ƙa'idar ya huta da yawancin ciwon kan da zai haɗu da shi a kowace manhaja.

Muna kuma jinjina wa malamin da ya gano matsalar wata tsohuwar kwamfuta ta hannu. Configure ta ƙi ci gaba, tana cewa "newly created file is older than distributed files". An yi ta zargin filash ɗin, ashe ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe agogon kwamfuta ne ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya. Make tana aiki ne da lokacin da aka taɓa kowane fayil, tun yadda Stuart Feldman ya tsara ta a 1976, saboda haka agogo mara daidai yana rikita ta. Aka buga date aka ga ɓarnar, aka saita lokaci, aiki ya tafi.

Wannan ɗabi'a ta make tana da rana idan an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. A sake buga make kawai, za ta ɗora daga inda ta tsaya. Idan ta yi ƙorafi a kan wani fayil mai .o da yankewar wutar ta bari rabi da rabi, a yi make clean a faro daga farko. Umarnin make -j4, mai gudanar da ayyuka huɗu a lokaci guda, yana saurin aiki, amma mai RAM 4GB ya yi hattara da shi a manyan manhajoji, ƙwaƙwalwar na iya cika a kashe aikin.

Bayan girkawa, wasu sun buga nano --version suka ga 7.2 tana nan daram. Sabuwar tana /usr/local/bin, amma bash, manhajar da ke karɓar umarni a taminal, ta riga ta haddace tsohuwar hanyar /usr/bin. A buga hash -r ko a buɗe sabuwar taminal. Waɗanda launukan rubutu suka ɓace musu kuwa, sabuwar nano tana neman saitinta ne a /usr/local/etc. A sake configure da --sysconfdir=/etc, a yi make clean, sannan a maimaita make da girkawa.

Roƙonmu ga ɗalibai: kada ku goge foldar nano-8.0. Apt, mai kula da girka manhajoji a Ubuntu, ba ta san da abin da kuka girka da hannu ba, ba za ta sabunta shi ba, ba za ta cire shi ba. Ranar da kuka so cirewa, cikin foldar nan za ku koma ku buga sudo make uninstall. Wanda ke amfani da kwamfutar aro ko ta makaranta, ya yi ./configure --prefix=$HOME/.local, sai ya girka babu sudo, bai taɓa tsarin mai kayan ba.

'Yan'uwa mata da suka zauna har aka tashi, da waɗanda suka gama nasu suka juya suna taimakon na kusa da su, da iyayen da suka ba da izini, duk mun gode ƙwarai. Wanda muka ɓata wa ya yafe mana. Allah ya sanya albarka a abin da aka koya, ya bar zumunci.