Mako na tara a tsohon gida: bututun da aka rufe ban gani ba

'Yan uwa masu koyon wannan sana'a, yau mako tara ke nan da fara gyaran tsohon gidan da na saya da niyyar sake sayarwa. Ga inda aka kwana.

Rufi dai ya kammala. Da kafinta ya yaye tsohon kwanon sai muka tarar gara ta ci kusan rabin katakon, irin cin da ba a gani daga ƙasa: ka ƙwanƙwasa ka ji fanko, ka danna da yatsa ya burma. Duk wanda ya taɓu mun sauke shi, sabon kuma sai da aka shafe shi da maganin gara kafin ya hau. Da gangan na fara da sama, domin abin da ka gyara a ƙarƙashin rufi mai yoyo, ruwan sama ne zai gaje shi.

Banɗaki ne ya hana ni barci. Bututun ƙarfe ne a cikin bangon, tsatsa ta cika su har ruwa na fitowa ja-ja, shi ya sa muka yi da mai aikin famfo ya sauya su da na roba. Ranar da ya gama ina can wajen sayen kaya. Kafin in dawo magini ya yaɓe ramin da siminti, bayan kwana uku mai tayil ya bi kai. Na ga bango yana sheƙi, raina ya yi fari, na biya kowa cikon kuɗinsa. Bayan mako biyu sai ga tabo mai duhu a ɗaya gefen bangon, daidai tsayin gwiwa. Na sa hannu, sanyi ƙalau, fulasta na marmashewa kamar gari. Sai da muka fasa tayil takwas. Ashe mahaɗa ɗaya ce gam bai kama ta sosai ba, take ta ɗiga a hankali.

Ban ɗora wa mutum ɗaya laifin ba. Ni ban ce wa kowa kada a rufe bututu sai an cika shi da ruwa, an toshe bakinsa, an bar shi ya kwana ba. Magini na sauri ya wuce wani aikin, mai tayil na jiransa, mai famfo kuwa ya riga ya karɓi nasa, sai da na yi kwana huɗu ina kira kafin ya zo.

Daga nan na zauna da ɗan kwangilar da ke kula da aikin muka rubuta komai a takarda, kowa ya sa hannu. An raba aikin mataki-mataki, ba a biyan mataki sai na gani da idona. Kafin alƙalami na sayen kaya ne kawai. Kashi 10 cikin 100 na kuɗin aiki yana hannuna har sai an gwada an ga lafiya. Kuma duk abin da za a binne a bango, waya ko bututu, sai na ɗauki hotonsa da tef ɗin awo a gefe. Hotunan nan zan miƙa wa mai saye, ya san inda zai buga ƙusa da inda ba zai buga ba.

Mun yi 'yar sa-in-sa da ɗan kwangilar a kan daɓen tsakar gida. Ya so a jibge bulo a kai tun rana ta uku, na ce a'a. Kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai wajen kwana 28 yake kai ƙarfin da ake ƙirga masa. Amma shi ma ya taimake ni. Ina hanƙoron a yi fenti don gida ya haska, sai ya ɗora tafinsa a bangon falo ya ce, "Maigida, taɓa ka ji. Fulastar nan ba ta bushe ba, in ka shafa yanzu duk sai ya ɓare." Na taɓa, gaskiyarsa ce. An ɗaga fenti.

Mako mai zuwa na mai wuta ne. Tsohon wayarin gidan ba shi da wayar ƙasa ko ɗaya, wato wayar da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa don kada ta kama mutum, za a zare shi gaba ɗaya. Na riga na gaya wa magini kada cokalinsa ya taɓa bangon sai an kunna kowane soket a gabana.