Albasar Kwaɗi a Tukunyar Ƙasa

A tsakar gidanmu da ke Gwale babu filin shuka, saboda haka a tukwanen ƙasa nake dasa albasar kwaɗi, furen nan fari mai ratsin ja da ke buɗewa idan damina ta kankama. Nakan binne ta a watan Mayu, gabanin ruwan farko, cikin yashi da ruɓaɓɓen takin shanu, ina barin wuyanta a waje kaɗan. Shekarar da na fara ban huda gindin tukunyar ba, ruwan Agusta ya kwanta a ciki, albasar ta ruɓe tana wari. Tun daga nan nake shimfiɗa tsakuwa a ƙasan, kuma idan hunturu ya shigo ganyen ya bushe, sai in rage mata ruwa sosai.