Dutsen Kwatarkwashi

Jiya muna dawowa ta hanyar Gusau mota ta tsaya mana kusa da Kwatarkwashi, direba ya shiga ƙarƙashinta, ni kau na zauna gindin wani icce ina kallon dutsen nan da na sha wucewa ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Sai na tuna malaminmu na jogarafi da yake cewa wanga dutse ƙarƙashin ƙasa ya daskare, lokacin da manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo da juna kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, duwatsu suka tashi, sannan ruwa da iska suka yi ta cin na sama har saiwar ta fito fili. Wato abin da nake kallo gindin dutse ne, kan ya tafi tuntuni.

To ina ya tafi? Wani sashe nan Sakkwato ya zube, yashi da laka, shi ya sa ƙasarmu take shimfiɗe haka. Kuma wai teku ya taɓa rufe mu, mu da muke kukan zafi a watan Afrilu! Farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita, bawon halittun ruwa ne. Har wata dabbar teku aka tono aka sa mata suna Goronyosaurus, saboda Goronyo.

Na tsinci ɗan tsakuwa mai ƙyalli na sa aljihu, da na iso gida Inna ta ce mi zan yi da dutse, in kai shi waje.