Tarin Umma

Talata, bayan sallar isha'i.

Hazo ya rufe Samaru ruf yau da safe, da ƙyar na kai aji ƙarfe takwas, yatsuna sun ƙage saboda sanyi. Darasin ilimin magunguna muka yi, mako na biyu ke nan muna kan magungunan hawan jini. Malam na shigowa ya zana ƙoda a gefen allo, hanta a ɗaya gefen, huhu a sama, ya haɗa su da kibiyoyi, ya ce duk wanda ya gane wannan zanen ya gane ƙwayar da ake ba iyayenmu.

Ga yadda abin yake. In ƙoda ta ji jini ya yi ƙasa, sai ta saki wani sinadari, renin. Shi kuma ya tarar da wani furotin da hanta ke zubawa cikin jini, ya datse shi ya zama angiotensin na ɗaya. Wannan ba shi da wani ƙarfi sai ya ratsa huhu, inda sinadarin ACE ke mayar da shi angiotensin na biyu. Na biyun ne mai aikin: ya matse jijiyoyin jini, ya kuma sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau. Lisinopril da danginsa ACE ɗin suke toshewa. Na fi son irin wannan koyarwar a kan haddar sunaye, don ga gaɓoɓi uku sun haɗu a kan ƙwaya ɗaya da ba ta kai ƙwayar wake ba. Malam ya ce babban yayan su lisinopril, wato captopril, daga binciken dafin wani maciji na Birazil, dangin kububuwa, aka gano hanyar yin sa, aka amince da shi a Amurka a 1981.

Sai ya zo kan illa. Ashe ACE aiki biyu yake yi, na biyun shi ne farfasa wani sinadari mai suna bradykinin. In an toshe shi, bradykinin ya taru a hanyar numfashi, mutum ya kama tari busasshe, babu majina, sai ƙaiƙayi a maƙogwaro, ya fi tsananta in an kwanta. Ya fi kama mata, kuma maganin tari na kwalba ba ya yi masa komai.

Nan na ajiye biro. Umma ce ta faɗo mini. Tun hutun da ya wuce take wannan tarin, ina kwance a ɗakinta ina jin ta har tsakar dare. Mun ɗora wa hunturu, mun ɗora wa hayaƙin murhu. Ta sha zuma da citta da kanumfari, an sayo mata kwalba biyu a kemis, shiru. Kuma na tuna kafin tarin ya fara an ƙara mata sabuwar ƙwaya a asibiti. Sauran darasin da rabin hankali na ji shi.

Ana idar da azahar na kira gida. Bayan mun gaisa na ce a ba ƙanina kwalin ya karanto mini. Ya yi ta haɗa baƙaƙen, har ya fito: lisinopril, miligiram 10. Gabana ya faɗi, sannan wani sanyi ya biyo baya.

Na yi mata bayani a hankali. Ta ce, "To in bar shan shi ke nan?"

Na ce, "A'a Umma, don Allah kada ki bari da kanki. Hawan jini ba ya sallama, kin ga yadda ya yi wa Inna, ɓarin jikinta guda ya shanye. Ki koma wurin likita da kwalin, ki gaya masa yaushe tarin ya fara."

Likitan ne zai saurari ƙirjinta, don tarin da ya daɗe haka dole a kawar da zancen tarin fuka da na zuciya. In maganin ne, akwai losartan, wanda ke tare angiotensin na biyu a inda yake sauka ba tare da ya taɓa ACE ba, akwai kuma amlodipine. In aka canza, tarin kan lafa cikin mako ɗaya zuwa huɗu, wani ya fi haka. Na ƙara jaddada mata cewa in ta ga leɓe ko harshe ya kumbura, a tafi asibiti nan take ko da dare ne, don shi ma aikin bradykinin ne kuma yana iya toshe numfashi.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Tana faɗa tarin ya sake sarƙe ta, na riƙe wayar har ya lafa.

Yaya ya ce zai kai ta ranar Alhamis. Na tura masa sunan maganin da watan da aka fara ba ta. Gobe magungunan sa fitsari za mu shiga, kuma ita ma Umma tana shan ɗaya daga cikinsu da safe, don haka na ce ƙanina ya ɗauko mini hoton wancan kwalin kafin ya kwanta.