Talata: bahon ɗakin Inna

Wuta ta kwana, tanki ya cika, yara sun fita makaranta ba wanda ya yi kukan safa ko takalmi. Irin wannan safiya ita ke ba ni ƙarfin taɓa ayyukan da aka daɗe ana ɗagawa, shi ya sa ina gama karyawa na ce yau sai na ga bayan bahon ɗakin Inna.

Tun makon jiya ruwan wanka ya daina wucewa yadda ya kamata. Sai ya taru har idon sawu, yana tafiya a hankali, ya bar santsin sabulu a ƙasa. Inna kuwa, mahaifiyata, a ciki take zama a kan 'yar kujera da bokitinta, santsin nan shi ne tsorona. Abban yara ya kira mai gyaran famfo, ya ce gobe, goben ba ta zo ba.

Maman 'yan biyu ta ce in zuba sodar da ake haɗa sabulu da ita, in bi ta da tafasasshen ruwa. Na ƙi. Gaskiya ne tana cinye gashi, amma da ta haɗu da ruwa sai ta ɗauki zafi, tana cin fata, in ta fallatsa a ido kuwa sai dai addu'a. In kuma ba ta buɗe hanyar ba, nan za ta kwanta a wurin da tsohuwa ke sa ƙafa. Ga bututun namu na roba ne, irin farin nan da ba a yi shi don zafin da ya wuce digiri 60 ba, tafasasshen ruwa kuwa digiri 100 ne. Mahaɗar bututun ke fara saki, a wayi gari ruwa na bin bango.

Sai na ɗauko sukudireba da filaya da tocila, na sa safar hannu. Murfin makwararar tamu irin wanda ake ɗagawa a murɗa ne. Mutane suna ta jansa da ƙarfi har su karya, alhali abin da ke riƙe da shi ɗan noti ne ƙarami a gefen ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Na ɗaga shi a buɗe, na haska, na juya a hankali har notin ya bayyana. Ba a kwance shi duka, don in ya faɗa ramin shi ke nan. Sassautawa kawai ake yi, sannan a murɗa murfin ta hagu ya fito. Namu sabulu ya daskare a jikinsa, sai da na naɗe shi da tsumma na kama da filaya don kada ya karce. Da ya saki na ji daɗi ƙwarai, har na kira Auta ya zo ya gani.

A ƙarƙashi akwai ƙarafa biyu da suka gitta juna, a nan komai ke maƙalewa. Na miƙar da wayar hanga, na lanƙwasa bakinta, na zura na murɗa na jawo.

Na zaci zan ga kashin sabulu da zaren soso da ɗan gashi. Abin da ya fito dunƙule ne mai tsawo, na ja na ja bai ƙare ba. Da na zuba masa ruwa dattin ya wanke, sai na ga fari ne. Furfura ce tsantsa, da yawan da ban taɓa ganin ta fita daga kan mutum ɗaya ba. Ba mai wanka a bahon nan sai Inna.

Ban ji shigowarta ba. Ina tsugune na ɗago, na gan ta a bakin ƙofa riƙe da carbi, idonta a kan abin da ke cikin ledar.

Ta ce, "Ashe ni na toshe muku."

Na ce, "Haba Inna, wane irin toshe mana? Kowane baho yana yin haka."

"Ki yi haƙuri. Ina tsincewa, wanda na gani. Idon ne ba ya kai."

Kun san Inna da gashi. Tun muna yara, in ta taje mana kai sai ta tattara abin da ya fita a mataji, ta dunƙule, ta tona rami a bayan ɗaki ta binne. Ba ta yarda gashin mutum ya yi yawo a tsakar gida ba. Wato duk kwanakin nan tana durƙusawa a cikin santsin nan tana lalube da hannu, ita kaɗai, ƙofa a rufe.

Na ce mata tun yaushe. Ta yi shiru, can ta zame ɗankwalinta baya kaɗan. Rabon da in ga kan Inna a buɗe tun kafin ta kwanta ciwo. Gaban ya yi sharaf, fata na bayyana, kitson da ya rage ya zama siriri. Nan na gane dalilin da duk ranar da mai kitso ta zo sai ta ce kanta na ciwo, a bari sai wani mako.

"Tsufa ne," in ji ta, ta mayar da ɗankwalin. "Kada ki faɗa wa mai gidan nan. Ya biya asibiti, ya biya magani, yanzu kuma a ce na lalata masa banɗaki."

Wannan maganar ita ta tsaya mini a rai har yanzu da nake rubutu. Gashin bai firgita ni kamar maganar ba. Na san zazzaɓi mai tsanani irin taifod ɗin da ta yi yana sa gashi ya zube bayan wata 2 zuwa 3, lokacin da kowa ya ɗauka an warke, kuma galibi yana dawowa da kansa. Lafiyayyen mutum ma yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Ƙarancin jini yana jawo zubewar gashi, haka ma matsalar ƙwayar maƙogwaro da ke kawo maƙoƙo, kuma duka ana ganewa da gwajin jini. Na faɗa mata wannan duka, ta gyaɗa kai kawai. Abin da ban iya warware mata ba shi ne yadda take jin kanta a gidan nan. Matar da ta yi mini wankan jego har sau huɗu, ta tashi cikin sanyin asuba tana hura wuta a ƙarƙashin tukunya, yau ita ke ba ni haƙuri saboda gashin kanta ya bi ruwa. A wurinta nan gidan suruki ne. Ba ta cin abinci in yana falo, ba ta ɗaga murya, ba ta kunna fanka sai an kunna mata. Ni ce babba a 'ya'yanta mata, ko sunana ba ta kamawa, balle ta zauna ta ce mini ga abin da ke damuna. Ina girmama kunyar nan, da ita aka raine mu, amma yau na ji haushinta, domin ita ta sa uwata ta ɓoye mini ciwo muna kwana rufi ɗaya.

Ta miƙo hannu ta ce in ba ta ledar. Na ba ta. Daga baya na hango ta ta taga a gindin zogale da 'yar fartanya.

Na ƙarasa aikin jikina a sanyaye. Na toshe ramin ambaliya na sama da jiƙaƙƙen tsumma, don in ba haka ba iska ta nan take gudu, na danna robar nan mai sanda a bakin makwarara har ruwa ya tafi da ƙara. Na bi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, na sake sakin ruwa kaɗan don lanƙwasar da ke ƙasa ta cika, ita ce ke tare warin sokawe. Murfi ya koma, noti ya ɗauru.

Da rana shinkafa da wake. Inna ta ci kaɗan. Auta ya fasa kofi. An ɗauke wuta bayan la'asar.

Abban yara ya dawo ya ji baho ya gyaru, ya yi ta sa albarka, ya tambayi me ya toshe shi. Na ce gashi ne da sabulu, ban ƙara ba. Gobe zan sa a sayo 'yar rariyar ƙarfe da ake ɗorawa a bakin makwarara, da tabarmar roba mai hana santsi. Asibiti kuma ranar Alhamis, ko tana so ko ba ta so.

Bayan isha'i ta sake ɗauko zancen komawa gida, wai ta warke, wai awakinta. Ban ba ta amsa ba. Zan kira Yaya da safe ya zo da kansa, ta fi jin maganarsa.