Yau Na Ce wa Malama "Tu"

21 ga Yuni

Wata bakwai ke nan da na fara koyon Faransanci, sai yau na tafka abin kunyar da zan daɗe ina tunawa. Amma bari in faro daga safe.

Tun da na tashi na koma kan waƙar da ta hana ni sakat kwana uku, wato Papaoutai ta Stromae, mawaƙin nan ɗan Beljiyam, wadda ta fita a 2013. Ƙa'idata ita ce in saurari waƙa sau uku ban duba baitocinta ba, in rubuta abin da kunnena ya kama, sannan in gwada da na asali. Shafin yau duk jan biro ne. Sunan waƙar ma kaɗai na sha nemansa a ƙamus ban samu ba, ashe ba kalma ɗaya ba ce. Tambaya ce aka dunƙule: "Papa, où t'es?", wato "Baba, ina kake?" Littafi ya koya mini "tu es", baki kuwa ya haɗiye rabi ya bar "t'es". Da na gano cewa an kashe mahaifin mawaƙin a kisan kiyashin Ruwanda na 1994, sai jikina ya yi sanyi. Kwana uku ina kaɗa ƙafa, ban san kukan maraya nake bi ba.

Wannan haɗiyar ita ce ta fi wahalar da ni a harshen nan. A rubuce "je ne sais pas" ne, ban sani ba ke nan. A bakin mai sauri "ne" ɗin ya ɓace, saura ya narke ya koma kamar "shepa". Ga kuma baƙin da ke kwance shiru a ƙarshen kalma, sai ya ga wasali a gabansa ya farka: "les amis" ya zama "lezami". Na karanta wannan doka ta fi sau goma ba ta zauna ba, amshin waƙa ne ya dasa mini ita. Sunan Stromae ma wasa ne da harshe, "maestro" aka juya gaɓoɓinta. Verlan suke kiran wannan salo, kusan zaurancensu ke nan.

Da rana na koma ga tsofaffi don kunnena ya huta. Édith Piaf, mawaƙiyar Faransa wadda ta rasu a 1963, akasin na yanzu take: tana ba kowace gaɓa haƙƙinta, har wasalin ƙarshe da ba a furtawa a magana takan rera shi, ga "r" ɗinta mai karkarwa. A ganina duk ɗan koyo da ita ya kamata ya fara, ko da kiɗan bai yi masa ba. Wani abin dariya da na lura da shi a waƙoƙin soyayyarsu: rana namiji ce a wurinsu, "le soleil", wata kuma mace, "la lune". Mu da muke cewa rana ta fito, wata ya tsaya, sai mun juya kanmu.

To, ƙarfe biyar muka haɗu da Malama ta intanet. Dattijuwa ce, ta haifi kamata. Ta fara da ba ni labarin cewa yau ake Fête de la musique a Faransa, bikin kiɗan da aka soma a 1982 lokacin da Jack Lang yake ministan al'adu. Kowa ya fito titi da abin kiɗansa, gwani da ɗan koyo, kallo kyauta. Daɗi ya ɗebe ni, ga kunnena cike da waƙa tun safe, sai kawai na ji bakina ya ce: "Et toi, t'aimes quoi?" Ke fa, me kike so?

Ta yi shiru, ta sauke tabarau, ta dube ni. Sannan ta ce, a hankali, "Vous."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Wata bakwai ina ce mata "vous", kamar yadda muke ce wa babba "ku", yau rana ɗaya na yi mata "tu", wato "ke", kamar wata ƙanwata. Na ce, "Malama, ku yi haƙuri, waƙa ce ta ja ni." Ta yi dariya har da riƙe baki. Ta ce furucin ya fita tsaf, ba ta taɓa jin na yi magana ba tare da na tsaya lissafi ba sai yau. Amma mawaƙi da masoyiyarsa yake, ko da mahaifinsa, ko abokinsa, shi ya sa "tu" ta cika waƙoƙi. A wurinsu babba ne yake ba da izinin a koma "tu", har fi'ili gare su na musamman don haka, "tutoyer". Ita kuwa ba ta ba ni ba tukuna.

Aikin gida: in ɗauki baiti takwas na duk waƙar da na ga dama, in mayar da duk "tu" zuwa "vous". Na gwada ɗazu bayan isha'i. Ma'ana ta tsaya, amma ko kusa ba ya hawa kiɗan. Saura baiti biyar, barci nake ji.