Kakar baƙi da raninsu: abin da teburin tikiti a Nima ya koya mini

Shekarata shida ke nan a bayan tebur ɗaya, a wani ƙaramin ofishin tafiye-tafiye da ke kan babban titin Nima, a birnin Accra na Ghana. Yawancin aikinmu sananne ne: masu Umara, 'yan kasuwa masu zuwa sari Dubai da Santambul da Caina, sai ɗalibai jefi-jefi. Yawon shaƙatawa ba da shi muke ci ba. Amma a 'yan shekarun nan matasan zango sun fara shigowa da waya a hannu, su nuna maka hoton farin yashi da shuɗin ruwa, ko wani dutse da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, su ce nan suke so, nawa ne?

Alhajin da nake wa aiki shi ya fara fahimtar da ni yadda farashin waɗannan wurare yake hawa da sauka. Ya ce ɗakin otel kamar tumatir yake a kasuwar Nima da yamma, wanda bai sayu yau ba, gobe ba shi da daraja. Kujerar jirgi ma haka. Idan baƙi suka yi yawa, mai otel ya tsuga kuɗi, wannan ita ce kakarsa. Idan suka janye, sai ya karyar, don gara ya samu kaɗan da ɗaki ya kwana babu kowa. Mu ma a Accra muna gani: tun shekarar 2019 da aka yi bikin dawowar baƙaƙen fata na ƙetare, Disamba ta zama watan da ɗaki ke gagarar ɗan gari, amma a watan Yuni da ruwan sama ya kankama, sai ka ga ana roƙon mutum ya zo.

Na riƙe rabin karatun, wato cewa akwai lokacin arha. Ragowar rabin, wato dalilin da ya sa baƙin suka janye tun farko, sai da na cuci wani kafin na gane shi.

Ɗan maƙwabcinmu ne a Mamobi, yaron da ya tashi a gabana. An ɗaura masa aure, ya tara 'yan kuɗinsa daga gyaran waya, yana so ya kai amaryarsa Zanzibar. Ya ce, "Yaya, ka duba mini mai sauƙi, kuɗin ba su da yawa." Na duba, na ga a watan Afrilu farashin otel ɗin bakin ruwa ya faɗi ƙasa warwas, na yi murna, na yanka musu tikiti ta Addis Ababa. Ban tambayi kowa me ya sa ya faɗi ba. Ashe daga Maris zuwa Mayu ake babbar daminar tsibirin, wadda mutanen can ke kira masika, kuma Afrilu tsakiyarta ce. A lokacin wasu otel-otel ma rufewa suke yi, su sallami ma'aikata hutu, su yi gyaran rufi da fenti. Kwana biyar suka yi, huɗu a ɗaki. Jirgin ruwan da zai kai su ƙananan tsibirai an fasa fitarsa sau biyu saboda iska, ɗakin cin abinci ɗaya kacal ke buɗe a masaukinsu, ana buga guduma a ɗakin da ke kusa da nasu.

Da ya dawo bai yi mini faɗa ba. Ya ajiye mini ƙullin kanumfari a kan tebur, tsarabar can, ya ce, "Yaya, da ka gaya mini, da na jira Yuli." Har yau wannan magana tana nan a raina, domin kuɗin shekara biyu ne yaron ya zuba, kuma amarci ba a maimaita shi.

Tun daga ranar, duk farashin da ya faɗi sai na bi sawunsa. Nakan rubuta wa masaukin kai tsaye in yi tambayoyi da babu su a tallarsu: ana gini ko gyara a watan? Kicin nawa ne ke aiki? Masu kwale-kwale suna fita? Idan teku ta hana, ana mayar da kuɗi? Sannan in lissafa abin da ba ya sauka ko da otel ya sauka. Inshorar dole da Zanzibar ta ɗora wa baƙi tun Oktoban 2024 dala 44 ce, ko da rani ko da damina. Mai son Turai zai biya yuro 90 na bizar Shengen, a ba shi ko a hana shi. Idan ka haɗa waɗannan da tikiti, wani lokaci ragin da ake ta zumuɗi a kai bai taka kara ya karya ba.

Sai dai kada a ce na tsani tafiyar ranin baƙi, wato lokacin da suka janye. Abin da na gane shi ne, wurin da mutum zai tarar a lokacin wani wuri ne daban da na cikin hoto, kuma akwai wanda wancan ɗin ne ya fi dacewa da shi. Wani dattijo malamin makaranta daga unguwar Madina ta nan Accra ya je Zanzibar ɗin nan a watan Mayu da saninsa, bayan na zayyana masa komai. Shi ba wanka ya kai shi ba. Tsohon garin duwatsu yake son gani, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a shekarar 2000, da masallatansa da ƙofofinsa na sassaƙa. Ya dawo yana ta sa mini albarka, wai lunguna babu cunkoso, ruwa na tsagaitawa sai ya fita da laima, masu shago suna da lokacin zama su yi hira da shi.

Wuraren zamiyar ƙanƙara kuwa sun fi rikitarwa, don mu nan ba mu da abin kwatantawa. Sanyin da muka sani shi ne hunturun Janairu. Yawancinmu ma ba mu san ana wasan ba sai da Kwame Nkrumah-Acheampong ya wakilci Ghana a gasar Olamfik ta hunturu a Bankuba ta Kanada a 2010. Wata Hajiya mai sarin atamfa da dogayen riguna a Santambul ta zo tana so ta tafi da jikokinta biyu su taɓa dusar ƙanƙara da hannunsu. An gaya mata akwai dutsen Uludag kusa da birnin Bursa, kuma a watan Mayu masauki yana arha. Na ce, "Mma, arhar gaskiya ce, amma ƙanƙarar ba za ta jira ki ba." Kakar zamiya a can daga Disamba zuwa Maris ce. Zuwa Mayu filayen wasan sun koma ciyawa da taɓo, masu ba da hayar takalma da sanduna sun rufe, masu koyarwa sun tafi, domin yawancinsu 'yan ci-rani ne, kaka na ƙarewa suke kama gabansu. Haka abin yake a Shamoni ta Faransa, inda aka yi Olamfik ɗin hunturu na farko a 1924: tsakanin kakar ƙanƙara da kakar masu hawan dutse akwai makonnin da ake tsayar da yawancin kekunan igiya masu kai mutane sama don a duba lafiyarsu, garin ya yi tsit.

Na shimfiɗa mata zaɓi. Idan ƙanƙarar ce dole, ta ɗaga tafiyar zuwa farkon Maris, tsakiyar mako, lokacin da jama'a sun ragu amma dusar na nan. Idan kuma Mayun ce ta fi mata, to ta je don Bursa kanta, tsohuwar hedikwatar Daular Usmaniyya, yaran su yi salla a babban masallacin nan mai ƙubba 20, su hau dutsen su sha iska. Na kuma gaya mata abin da ya ba ta mamaki, cewa a Lesoto, nan cikin Afirka, daga Yuni zuwa Agusta ake zamiyar, don hunturunsu yana zuwa ne lokacin daminarmu. Ta zaɓi Maris. Alhaji ya ɗan ɓata rai, don cinikin ranar ya tafi, amma ita ce ta turo mana ƙawayenta uku daga baya.

Akwai ɓangaren da ban taɓa tunani a kai ba sai da na je Ada Foah da ƙafata a wani watan Yuni. Na hau mota a tashar Tudu da ke Accra, muka karya ta Kasseh, cikin awa biyu da 'yan kai muna inda kogin Volta ke shiga teku. A Disamba wurin ba masaka tsinke. Ranar kuwa kwale-kwale ne jere a ɗaure, ruwan sama a cikinsu. Wani matuƙi ya biyo ni yana rage kuɗi tun ban taya ba, har ya sauko inda na san man injin ma da ƙyar zai fita. Muna zagaya tsibiran, ta gefen Azizakpe, yana nuna mini inda ruwa ya ci gidaje lokacin da aka saki madatsar Akosombo a 2023. Ya ce a watannin nan wata rana ba ya ɗaukar ko mutum ɗaya, ga kuɗin makarantar yara ba ya jiran Disamba. A nan na ga inda arhar da nake tallatawa take fitowa. Kamfanin jirgi yana da ƙarfin jurewa, mai babban otel ma haka. Matuƙin nan da mai gyaran ɗaki da mai soya kifi a bakin ruwa, su ne ragin yake fita daga tukunyarsu.

Shi ya sa yanzu idan na tura mutum a irin wannan lokaci, nakan roƙe shi abu biyu. Ya yi ciniki da otel iya son ransa, amma kada ya matse mai kwale-kwale, abin da ya rage a ɗaki ya ɗan taɓa masa a ciki. Kuma kada ya shiga ruwa sai ya ga rigar ceto, kada ya tilasta wa matuƙi fita idan ya ce teku ba ta da kyau, don yunwar ciniki kan sa mutum ya yarda da abin da ya san haɗari ne.

Makon jiya yaron nan na Mamobi ya sake shigowa, yanzu da 'yarsu a kafaɗa. Ya ce wannan karon ba nisa, Ada kawai, kwana biyu. Na jawo kalanda, na ce ya zauna mu fara duba watan.